Kuɗin busa: rigimar alƙalan wasa da makarantun sakandare a Amurka

Baban Halima:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata rigima da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a wasannin makarantun sakandare na Amurka. Duk shekara idan Agusta ya kama, ana gab da buɗe kakar ƙwallon zari-ruga irin tasu, sai ka ji wata ƙungiyar alƙalan wasa ta ce ba mai hura usur sai an ƙara kuɗi, makarantu kuma su ce kasafinsu ya riga ya rufe. A 2022 NFHS, uwar ƙungiyar hukumomin wasannin sakandare na jihohi, ta ce an rasa alƙalai kusan 50,000 tun daga kakar 2018-19. Abin har ya kai ana ɗauke wasan daren Juma'a a mayar da shi Alhamis ko Asabar, don ayarin alƙalai ɗaya ya samu ya riƙe fili biyu a mako. Masana wannan harka, ku warware mana: kuɗin ne ya yi kaɗan, ko tsarin biyan ne ya lalace?

Auta:
Wa alaikumus salam Baba. Ni abin da ya ɗaure min kai, mutum ya busa wasan awa biyu a ba shi dala 80 ko 90, ya ce bai isa ba? A juya shi zuwa naira a gani mana.

Mai Usur:
Auta, ajiye naira gefe, don ba da naira yake shan mai ba. Kuma kuskuren da ka yi shi ne ainihin tushen rigimar: makaranta tana ƙirga awannin da ƙwallo ke yawo a fili, alƙali yana ƙirgawa tun daga sa'ar da ya kulle ƙofar gidansa.

Mu ɗauki wasan zari-ruga na babbar tawagar makaranta, a ƙaddara ana biyan dala 90. Zango huɗu ne, kowanne minti 12, amma da tsayar da agogo da hutun rabin lokaci sai ya ci awa biyu da rabi. Ana son alƙalai su iso fili awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin a take, domin akwai zaman da suke yi a tsakaninsu, a raba wa kowa ɓangaren da zai sa wa ido, a zaga fili a duba layuka da sandunan gola, a gana da kociyoyi su tabbatar kayan yaransu sun cika ƙa'ida, a yi wa mai agogo da masu jan sarƙar awo bayani. Bayan an tashi, akwai rahoto idan an kori wani. Sa rabin awa. Tafiya minti 45 zuwa, 45 dawowa. Awa shida ke nan cif.

Yanzu cire abin da ya kashe. Mil 35 zuwa, 35 dawowa, mil 70. Hukumar haraji ta IRS ta ƙiyasta kuɗin tafiyar mil ɗaya a mota kan senti 70 a 2025, wanda ya haɗa mai da taya da gyara da tsufan mota. Dala 49 ta tafi, saura 41. Mai raba wasanni, wato dillalin da ke tura alƙalai fili, ya cire nasa, a ce dala 5, saura 36. Harajin mai zaman kansa ya ɗauki kusan dala 5, saura 31. Raba 31 gida shida, dala 5 da 'yan kai a awa. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, kuma tun 2009 bai motsa ba. Ban sa riga da takalmi da kuɗin rajista ba tukuna.

Malamin Wasanni:
Malam Mai Usur, lissafinka ya fita, amma ka zaɓi dare mafi muni ne. Ayarin zari-ruga yawanci mutum biyar ne, kuma a mota ɗaya ko biyu suke zuwa. Idan biyar suka shiga mota ɗaya, dala 49 ɗin nan ta koma kusan dala 10 kan kowa. Sannan a ƙwallon kwando ana haɗa wasa biyu a dare ɗaya, na ƙaramar tawaga da na babba, tafiya ɗaya biya biyu. Zangon kwando minti 8 ne sau huɗu, cikin awa ɗaya da 'yan mintuna an gama.

Ku dubi ta ɓangaren makaranta kuma. Mutane suna jin ƙarin dala 10 sai su ce ai ba komai ba ne. Daraktan wasanni ba wasa ɗaya yake kallo ba, gurabe yake ƙirgawa: kowane alƙali a kowane wasan gida gurbi ɗaya ne. Makaranta mai zari-ruga da ƙwallon ƙafa da kwando da raga da besbol da kokawa, maza da mata, manya da ƙanana da 'yan aji ɗaya, a ce tana da gurbi 600 a shekara. Ƙarin dala 10 ya zama 6,000. Gundumar ilimi mai sakandare 15 ta tashi da 90,000. Kuma a yawancin gundumomi shekarar kuɗi ranar 1 ga Yuli take farawa, an zauna an amince da kasafi tun kafin nan. Wanda ya zo da buƙatarsa a tsakiyar Agusta ya tarar kasuwa ta watse. Daga ina za a ciro? Daga kuɗin motar da ke kai yara wasa, ko kuɗin gyaran hulunan kwanon 'yan wasa da ake kaiwa ana dubawa?

Mai Usur:
Na karɓi gyara kan haɗa mota, Malam. Amma sai a manyan wasanni ake samun hakan. Wasan ƙananan tawaga da ake sawa ƙarfe huɗu na yamma ranar Talata, kowa daga wurin aikinsa yake tahowa, a motarsa, kuma ya bar aiki da wuri. Shi ne mafi ƙarancin kuɗi, kuma shi ake ba sabon shiga. Batun Agusta kuwa, sau da yawa an kai takarda tun hunturu an yi shiru. Ba a waiwayarsu sai ranar da aka ga fili zai zauna ba kowa.

Maman Sadik:
Ku bar ni in shigo ta ƙofar takardu, don rabin wannan faɗa ba a kan yawan kuɗin ba ne, a kan yaushe zai shigo ne.

Alƙalin wasan sakandare a kusan ko'ina ba ma'aikacin makaranta ba ne, ɗan kwangila ne mai zaman kansa. Ma'ana ba a cire masa haraji daga tushe, ba fansho, ba inshorar lafiya, ba hutun rashin lafiya. Kafin gunduma ta biya shi ko sisi sai ya cike fom ɗin W-9 an buɗe masa lamba a matsayin mai yi wa gunduma aiki. Idan yana busa wa gundumomi goma sha biyu, sau goma sha biyu zai yi wannan. A tsohon tsari, yana isa fili zai sa hannu a bauca, daraktan wasanni ya sa hannu, ta tafi ofishin akanta, a wasu wuraren ma sai majalisar gunduma ta zauna zamanta na wata-wata ta amince da jerin biyan kuɗi kafin a buga cak. Bauca ɗaya ta kwana a aljihun koci, ko a rubuta sunan alƙalin da aka fara sawa alhali wani ne ya maye gurbinsa da rana tsaka, shi ke nan wasan Satumba sai Nuwamba.

Yanzu da yawa sun koma biya ta intanet, irin su ArbiterPay da DragonFly. Ya rage wahala, amma ya zo da tasa matsalar. Dole makaranta ta zuba kuɗi a asusun tun da farko, kuma dole wani ya shiga ya danna amincewa bayan wasa. Idan asusun ya bushe, ko mai dannawa ya tafi hutu, alƙali yana kallon wasansa a waya an rubuta an buga, kuɗi kuwa shiru. Ya kira makaranta a ce ya tambayi mai raba wasanni, ya kira mai raba wasanni a ce ai kuɗi ba a hannunsa suke ba.

Auta:
Anti, to harajin fa? Na ɗauka ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ba a biya masa haraji.

Maman Sadik:
A nan sababbi suke faɗawa rami, ƙanena. Shekara da shekaru ƙa'idar ita ce duk wanda ya biya ka dala 600 ko fiye a shekara zai aiko maka da fom 1099, takardar haraji mai nuna abin da ya biya ka. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta ɗaga wannan zuwa dala 2,000 daga biyan 2026. Amma wannan iyaka ta mai biya ce, ba taka ba. Ko ba a aiko maka da takarda ko ɗaya ba, da zarar ribarka ta kai dala 400 a shekara, harajin mai zaman kansa ya hau kanka, kashi 15.3 cikin ɗari, ban da harajin kuɗin shiga na tarayya da na jiha idan jiharka tana karɓa. Ma'aikaci rabin wannan yake biya, mai gidansa ya biya rabi. Alƙali shi ne ma'aikacin, shi ne mai gidan.

Abin da ke cetonsa littafin tafiya ne. Kwanan wata, sunan makaranta, mil nawa, nawa aka biya, yaushe ya shigo. Ya adana rasit na riga da usur da tuta da kuɗin ƙungiya da kuɗin kwas, duk ana cire su kafin a lissafa riba. Wanda ya ga harajinsa zai kai dala 1,000 a shekara, ana so ya riƙa biya kashi huɗu, tsakiyar Afrilu da Yuni da Satumba da Janairu. Wanda bai rubuta komai ba, Afrilu na zuwa zai ga kamar kyauta ya yi wa makarantu aiki, ransa ya ɓaci, ya ajiye usur.

Kawu Na-Besbol:
A ƙara da jarin farko. Mai kwando ko ƙwallon ƙafa da riga da wando da takalmi da usur ya tashi. Mai tsayawa bayan mai cafe ƙwallo a besbol kuwa sai garkuwar fuska ta ƙarfe, sulken ƙirji, makarin ƙauri, takalmi mai ƙarfe a baki, da jakar ƙwallaye. Ɗaruruwan daloli ne kafin ya karɓi ko kwabo. Ga rajistar hukumar jiha duk shekara, ga kuɗin ƙungiyar yanki, ga binciken tarihin laifi da yawanci shi ke biya, ga jarrabawar dokoki, ga taruka na dole da ba a biyan ko kuɗin mota. Wasanninsa na farko duk bashin kaya yake biya. Shi ya sa adadin da NFHS ke yawan faɗi bai ba ni mamaki ba: cikin sababbi goma, biyu ne kawai ke kaiwa shekara ta uku.

Baban Halima:
Barista, kana nan kuwa? In dai 'yan kwangila ne, da wace hujja suke yajin aiki? Kuma me ya hana su kafa ƙungiyar ƙwadago ta sosai su zauna a teburi?

Barista:
Ina biye da ku, Alhaji. An gwada, kuma ga inda aka kwana.

A 2015 alƙalan wasan lakuros (ƙwallon da ake cafewa da sanda mai raga a baki) na yankin Pittsburgh, su kimanin 140, sun nemi shiga ƙungiyar ƙwadago ta OPEIU domin su yi ciniki da hukumar wasannin sakandare ta jihar Fensilbaniya, wato PIAA. Hukumar hulɗar ƙwadago ta ƙasa, NLRB, ta ce ma'aikata ne a 2017, tana duba yadda PIAA ke shimfiɗa musu dokoki da jarrabawa da irin rigar da za su sa. PIAA ta garzaya kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washinton, a Yunin 2019 kotu ta rushe hukuncin, ta ce 'yan kwangila ne. Daga cikin hujjojin kotun: aikin na 'yan makonni ne a shekara, kan kowane wasa ake biya, makarantu ne ke biyan wasannin kaka ba PIAA ba, kuma su ke sayen kayan aikinsu, suna da damar karɓar wasa ko ƙin karɓa. Tunda dokar ƙwadago ta tarayya ba ta shafi 'yan kwangila ba, ba wanda za a tilasta wa ya zauna ciniki da su.

Kalifoniya ma da ta tsaurara doka a 2019 don mayar da 'yan kwangila ma'aikata, a 2020 ta yi gyara ta ware alƙalan wasannin da ba na ƙwararru ba daga wannan tsauraran ma'auni.

Akwai kuma wani tarko da ba kowa ya san shi ba. A idon dokar hana haɗa baki a kasuwa, kowane ɗan kwangila ɗan kasuwa ne mai cin gashin kansa. 'Yan kasuwa su haɗa kai su ce ba ma sayarwa sai a kan farashi kaza, wannan ƙayyade farashi ne. A 1990 Kotun Ƙoli ta yanke haka a kan lauyoyin birnin Washinton da kotu ke ɗauka su kare marasa hali, lokacin da suka ƙaurace wa aiki don a ƙara musu kuɗi. Sai dai a 2022 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba mahaya dawakin sukuwa na Puerto Rico gaskiya, ta ce rigimarsu ta ladan aiki ce, ko da ba ma'aikatan kowa ba ne. Ka ga ƙasar tana da santsi. Shi ya sa ƙungiyoyi masu lauya ba sa furta kalmar yajin aiki. Sai su ce kwantiraginmu ya ƙare ba mu sabunta ba, ko kowane mamba ya shiga manhaja ya rufe ranakunsa da hannunsa.

Malamin Wasanni:
Barista ka taɓo wani abu da nake so a fahimta. Sau da yawa makarantar da ake zagi ba ita ke da ikon ƙarin ba. A wasu jihohi hukumar jiha ce ke yanka farashi, har da iyakar da ba a wucewa. Fulorida misali ce. Kafin 2020 hukumar FHSAA ta tsayar da wasan zari-ruga na manya a kan dala 65. A Agustan 2019 alƙalai a wasu yankunan kudancin jihar, ciki har da Palm Beach, suka ja daga, wasannin share fage suka shiga rudu. Shugaban makarantar da ke son ya ƙara daga aljihunsa ma ƙa'ida ta ɗaure masa hannu. Sai da aka kai ruwa rana kafin hukumar ta sake jadawali, daga kakar 2020 aka koma dala 111.

Mai Usur:
To ai ka ba ni hujja da bakinka, Malam. Daga 65 zuwa 111 a tashi ɗaya. Wannan ba ƙari ba ne, biyan bashin shekarun da aka yi ba a taɓa farashin ba ne. Kuma su wa ke zaune a waɗannan hukumomi? Makarantun ne mambobinsu. A Luwiziyana shugabannin makarantu ne suke kaɗa ƙuri'a kan kuɗin alƙalai a babban taronsu. A farkon 2011 suka ƙi amincewa da ƙari, wasu alƙalan kwando suka ƙi fita fili ana tsakiyar kaka. A 2015 aka sake komawa gidan jiya, ƙungiyar alƙalan jihar ta ce ba za ta busa wasannin kaka ba, sai da aka sasanta kafin a buɗe. Mai biya shi ke yanka farashi, mai karɓa ba shi da kujera a ɗakin. In ba ta hanyar janye jiki ba, ta ina za a ji muryarsa?

Hajiya Mai Raga:
Teksas ta bi wata hanya dabam da ya kamata a ambata. A can hukumar UIL tana da jadawalin biya a rubuce cikin kundin dokokinta, kuma kuɗin wasan zari-ruga na manya yana tafiya ne da abin da aka tara a ƙofa: jama'a suka cika fili, kuɗin alƙali ya hau. Kuɗin tafiya kuma an yanka shi gwargwadon nisa. Yana da kyau a babban birni. Amma wanda aka tura ƙaramin ƙauye, tafiya mai nisa, 'yan kallo tsiraru, aikin ɗaya ne, kuɗin bai kai ba. Sai kowa ya riƙa neman manyan filaye, mai raba wasanni ya zama sarki.

Kuma wannan hujja ta kuɗin ƙofa ita ake amfani da ita a danne wasannin da ba sa tara jama'a. A duba jadawalin kowace jiha a kwatanta besbol na maza da takwaransa na mata, ko lakuros na maza da na mata. Inda aka samu bambanci, a tambayi dalili. Dokar Title IX ta 1972 ta hana makarantar da ke cin kuɗin tarayya fifita wani jinsi, kuma idan ƙarancin kuɗi ya sa ƙwararrun alƙalai suna gudun wasan 'yan mata, yaran ne suka yi asara. Mai busa ƙwallon raga yakan tsaya a kan dandamali wasa uku a jere, na 'yan aji ɗaya da na tsakiya da na manya, wani lokaci ba masu tuta a layi sai iyaye ko ɗalibai da aka roƙa.

Auta:
Yaya Mai Usur, wane ne wannan mai raba wasannin da kuke ta ambata? Ma'aikacin makaranta ne?

Mai Usur:
Dillali ne tsakanin ɓangarorin biyu, yawanci tsohon alƙali. Makarantu su ba shi jadawalin wasanninsu, alƙalai su nuna masa ranakun da suke da sarari, shi ya haɗa. Ladansa ko dai makarantu su biya shi dunƙule a kaka, ko a cire wani abu daga kowane wasa a kuɗin alƙali, wani wuri ma duka biyun. Matsalar a fili take: shi ne zai karɓi kukan alƙalai, kuma makarantu ne ke iya sauke shi su ɗauko wani. Alƙalin da ya cika ƙorafin kuɗi ba a korarsa, sai dai ya wayi gari jadawalinsa ya cika da wasannin ƙananan yara masu nisa. Ƙungiyar da ta san abin da take yi tana raba muƙaman: mai raba wasanni daban, kwamitin ciniki daban.

Kawu Na-Besbol:
Ba a taɓo soke wasa ba, kuma a besbol nan ne ake yin faɗan. Ƙa'idar tsawa ita ce da an ga walƙiya ko an ji cida, kowa ya bar fili, a jira minti 30, kuma duk sabuwar tsawa ta mayar da ƙirga farko. Alƙali yana iya zama awa biyu cikin mota a bakin fili, daga ƙarshe a ce an ɗage. Nawa za a ba shi? Idan kwantiragi bai faɗa ba, sai abin da daraktan wasanni ya ga dama. Ko a soke wasa tun ƙarfe ɗaya, a sanar da kociyoyi da direban bas da iyaye, a manta da alƙalai. Su iso su tarar da ƙofa a garƙame.

Kwantiragi mai kyau yana rarrabe matakai. An sanar kafin lokacin da aka yanka, a ce awa biyu ko uku kafin wasa, ba biya. An sanar yana kan hanya ko ya riga ya iso, kuɗin tafiya da rabin kuɗin wasa. An fara wasa ko da minti ɗaya ne, cikakken kuɗi. Aka dawo wata rana a ƙarasa, sabon kuɗin tafiya. A kuma rubuta ta wace hanya ake sanarwa, kira ne ko saƙo ta manhaja, don kar a zo ana musun na aika ban gani ba. Haka idan abokin aiki bai zo ba mutum ya riƙe wasan shi kaɗai: kuɗi ɗaya da rabi ne ko biyu? A rubuta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Malamin Wasanni:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, Kawu, amma a rubuta ta ɗaya gefen ma. Alƙalin da ya mayar da wasa ana gobe don ya samu wanda ya fi tsoka, ko ya ƙi zuwa ba sanarwa, ya bar makaranta da bas biyu na baƙi da 'yan kallo da suka biya kuɗin shiga, mene ne hukuncinsa? Tara ko dakatarwa, a sa a takarda.

Sai batun yawan alƙalai. Ƙungiyoyi suna matsa wa a koma mutum uku a kwando maimakon biyu, uku a ƙwallon ƙafa maimakon tsarin usur biyu, bakwai a zari-ruga maimakon biyar. Ta fuskar aiki gaskiyarsu ne, ido uku ya fi biyu ganin abin da ke faruwa nesa da ƙwallo, kuma tsofaffi suna daɗewa suna aiki idan gudu ya ragu. Amma daga biyu zuwa uku ƙarin kashi 50 cikin ɗari ne a kasafi. Abin da makarantu ke yi sai su ce to ga kuɗin mutum biyu da ɗan ƙari, ku raba uku. Kowa ya koma gida da ƙasa da abin da yake samu a da, rigima ta dawo sabuwa. Ba a neman ƙarin kai da ƙarin farashi a zama ɗaya, a jera su shekara-shekara.

Hajiya Mai Raga:
Ina so in ja hankali kan cewa kuɗi kaɗai ba zai tsayar da zubar nan ba. Ƙungiyar alƙalan wasa ta ƙasa, NASO, ta yi bincike a 2023, mutum fiye da 35,000 suka amsa. Matsakaicin shekarunsu ya kusa 57, alhali a binciken 2017 kusan 53 ne. Fiye da rabi sun ce sun taɓa jin tsoron lafiyarsu saboda halin 'yan kallo ko koci ko ɗan wasa. Jihohi fiye da 20 sun yi dokar musamman kan dukan alƙalin wasa, amma doka ba ta raka mutum zuwa motarsa da ƙarfe goma na dare. Abubuwan da ba sa cin kasafi su ne ake sakaci da su: wurin ajiye mota kusa da ƙofa, ɗaki mai makulli da ba ofishin koci ba, ruwan sha, da jami'in makaranta guda da aka sani da suna wanda zai tare su ya raka su, shi ne kuma zai fitar da ɗan kallon da ya wuce gona da iri. Alƙalin da aka bari ya sauya kaya a bayan mota, aka zage shi awa biyu, sannan kuɗinsa ya yi wata biyu, ko an ƙara masa dala 15 ba zai dawo ba.

Maman Sadik:
Haka ne Hajiya. A ƙara da rauni. Tunda ba ma'aikaci ba ne, a yawancin jihohi ba ya cikin tsarin diyyar rauni a bakin aiki. Yaro ya banke shi gwiwa ta goce, asarar biyu ce: wasannin kaka sun tafi, aikinsa na rana ma ya tsaya. Rajistar NASO ko ta wasu hukumomin jihohi tana zuwa da inshora, amma kowa ya karanta takardarsa, don kariya daga ƙarar da wani zai shigar daban take da biyan kuɗin asibiti.

Baban Halima:
To Barista, in ƙungiyar yanki za ta shiga ciniki bana, ta ina za ta faro?

Barista:
Ta fara da gano wanda ke riƙe da alƙalamin farashi, Alhaji: hukumar jiha ce, ko haɗakar makarantun yanki, ko kowace gunduma da nata. Kai kuka wurin wanda ba shi da iko ɓata lokaci ne. Sannan a nemi kalandar kasafi, a kai takarda tun Nuwamba ko Disamba don shekarar da za ta fara a Yuli. Idan ƙuri'a ake kaɗawa a babban taro, akwai ranar rufe karɓar ƙudurori, wanda ya wuce ta sai baɗi.

A tafi da lissafi irin wanda Malam Mai Usur ya yi, amma na gaske, daga littattafan mambobi: awa nawa, mil nawa, kwana nawa kuɗi ke yi kafin ya shigo, wasa nawa aka ɗage bara don rashin alƙali. A haɗa da jadawalin jihohi maƙwabta da na ƙungiyoyin wasan yara masu zaman kansu, domin su ne ke janye mutane, ranar Asabar ɗaya mutum ya busa wasa huɗu ko biyar a fili ɗaya a sallame shi nan take.

A nemi yarjejeniyar shekara uku zuwa biyar mai ƙari a rubuce kowace shekara, ko dala kaza ko kashi kaza, don makaranta ta san abin da za ta sa a kasafi. Kuɗin tafiya a ɗaure shi da ƙimar IRS ta shekarar, kar a rubuta lamba tsayayya, domin ƙimar tana motsi: senti 65.5 a 2023, 67 a 2024, 70 a 2025. A sa wa'adin biya, kwana 14 ko 30, da abin da zai biyo baya idan aka saɓa, misali ba za a sake tura wa makarantar alƙali ba sai ta biya na baya. Kuma ranar ƙarewar yarjejeniyar ta faɗo a ƙarshen Yuni, ba tsakiyar kaka ba.

Mai Usur:
Ƙari ɗaya a kan na Barista. Idan kuɗin da aka samu kaɗan ne, kar kwamiti ya zuba shi duka a wasan manya don su 'yan kwamitin can suke busawa. A fara da wasan ƙananan tawaga na ƙarfe huɗu, a kuma yafe wa sabon shiga kuɗin ƙungiya na shekarar farko, a tara masa tsofaffin riguna da garkuwar fuska daga waɗanda suka yi ritaya.

Malamin Wasanni:
Wannan kam ko majalisar gunduma ba za ta yi gardama ba, don wasannin ƙanana ne aka fi sokewa saboda rashin mai busa. Maman Sadik, in da hali ki sa mana samfurin littafin tafiyar nan a nan zauren, da gurbin ranar da aka buga wasa da gurbin ranar da kuɗi ya shigo, daraktocin wasanni ma su ga tazarar da idonsu.